Tukwanen da Iya ba ta ɗanɗana ba

Wanda ya ba mu aron Iya ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakin hayar da muke zaune a bayan kasuwar Ƙanƙara. Ba a nan ta so ta mutu ba. Uwar mijina ce. Ban taɓa kama sunanta ba tana da rai, ba kuma zan fara yanzu ba don kawai na iya riƙe biro.

Dawowar maza daga maƙabarta ke nan sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wata tsohuwa a ƙofar gida. Daga Damari ta fito, ta wannan hanya da ko maza ba sa bi sai sun bar wasiyya. Ba ta ji mutuwar ba. Daudawa ta ƙullo a bakin zane ta kawo wa Iya ta ɗanɗana. Da ta ga tabarmi a waje da maza zazzaune, ba ta tambayi kowa ba. Ta shigo, ta zube a tsakar gida, ta kwance ƙullin ta ajiye a gabanta.

"To ke kuma, wurin wa zan kai ki?" Da daudawar take magana, ba da mu ba.

Kawu, ƙanen Iya, ya shigo yi wa mata gaisuwa. Yana magana hannunsa ya shiga aljihu, ya ciro goro, ya ɓara biyu, ya miƙa ɓari ɗaya wajen da Iya take zama. Sai ya tsaya da hannun a sama.

"Tun muna da haƙora nake miƙa mata, tana ce mini in kai wa akuya," in ji shi. "Yau ma hannun bai ji labari ba."

Ya fara dariya, dariyar ta ƙi ƙarewa da kyau. Aka kama shi aka fitar.

Alhajin da ke sayen daudawa yana lodawa a mota zuwa kudu, shi ma ya zo. Daga zaure ya ɗaga murya: "Allah ya jiƙan Hajiya. Yanzu sai mu koma saye da ido, kamar masu sayen atamfa." Iya ba ta taɓa taka Makka ba. Daudawar da ta zaɓa ce ta sha zuwa a jakar alhazai ta dawo da saura lafiya lau, shi ya sa yake ce mata Hajiya, ita kuma ba ta taɓa hana shi ba.

Ni ban yi kuka ba ran nan, kuma na ji abin da mata suka ce a kaina. Su ce. Idona yana kan ƙuryar ɗaki, inda tukwane bakwai ke jere an rufe bakinsu da faifai. Daudawar bana ce, tamu da ta matan ƙauyenmu da muka yi gudun hijira tare. Bana ba mai gona a cikinmu. Tukwanen nan su ne gonar. Ko dai mu sayar yanzu, kasuwa cike da sabuwar daudawa, mu karɓi abin da aka ga dama; ko mu ajiye har marka, lokacin da ta yi wuya kuma hatsi ya ƙare a gidaje, mu ci abinci da ita har kaka. Amma ba kowace daudawa ke tsallake damina ba. Wata sai ta yi funfuna, wata ta yi tsutsa, ka buɗe ka tarar da ƙasa. Mutum ɗaya ce ke sa guntu a baki ta faɗi wadda za ta kai da wadda ba za ta kai ba. Ranar da aka kwashe shanyar daudawar Iya ta kwanta ciwo. Ta tafi ba ta taɓa ko tukunya ɗaya ba.

Yanzu an yi arba'in. Na zauna rubutun nan ne saboda na fara jin yara suna cewa "tsohuwar nan mai daudawa". Ba mai daudawa ba ce. Daudawa kowace mace mai itace da haƙuri tana yi: ki dafa kalwa wuni guda, ki surfe da toka, ki wanke, ki sake dafawa, ki rufe a kwando da ganye har ta nuna, ki kirɓa, ki faffaɗa, ki shanya. Aikin Iya daga nan yake farawa.

Da safe kawai take ɗanɗani, kafin koko, kafin komai. In kin zo bayan ta karya, sai gobe, ko daga ina kika fito. Goro ba ta ci, taba ba ta sa wa baki, yaji sai da yamma. A gidan biki in an raba goro ta mayar, har aka yi ta cewa girman kai gare ta. Ta ce, "Bakin nan ba nawa ba ne ni kaɗai."

Za ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunno da moɗar ruwa a gefe. Ta ɗauki daudawar ta juya ta a rana. Ta kai kusa da kunne ta karya, don mai ƙas daban, mai lanƙwasa kafin ta karye daban. Ta shinshina wurin da ya karye, ba bayan ba. Sannan ta gutsuri kamar ƙwayar dawa ta ɗora a harshe. Ba ta taunawa. Ta rufe baki da ido, ta bar yawu ya yi aikinsa, tana fitar da numfashi ta hanci. Mu kuwa ko tari ba mai yi. Daga nan ta tofar, ta kurkure baki, ta yi shiru. Wannan shirun shi ne aikin. Abin da ya rage a maƙogwaro bayan an tofar, shi take jira, shi take ce wa wutsiya. Mai doguwar wutsiya tana daɗewa a tukunya. Wadda da an tofar ta ɓace, komai daɗinta, ba ta zuwa ko'ina.

Hukuncinta ba ya wuce kalma biyu uku. "Ta miya," wato ku ci yanzu. "Ta damina." In kuwa ta ce "ta gara", to wannan ce za a kai wa amarya ta shekara tana miya da ita, ta kuma fi daɗi a ƙarshen tukunya. A shekara ba ta faɗin haka sau da yawa.

Abin da ke ba mutane haushi shi ne wadda suka fi yabawa ita take kayarwa. Mace ta kawo daudawa mai laushi, ƙamshi har zaure, Iya ta ce ta miya ce. Wata ta kawo baƙa mai tauri, mai bauri kamar ta mare ka, mai ita ma tana jin kunyar fito da ita, Iya ta ce, "Wagga faɗa take yi don yarinya ce. Ki rufe ta wata huɗu, ki zo ki ba ni labari." Kuma sai ta huce, ta zama abin da ake ɓoyewa don baƙi.

Ta san ƙasa da baki. Ta ce kalwar wajen Mairuwa maiƙo gare ta, itatuwan sun sha ruwa sun ƙoshi, ga daɗi da wuri ga gajiya da wuri. Ta wajen Damari ƙanana ce mai taurin kai. Ta ƙauyenmu, da ɗorawarmu ke tsaye a kan tsakuwa, ita take sa wa gaba, ba ta kuma ɓoye son kanta a nan ba. Kawu ya taɓa gwada ta. Ya kawo wata ya ce daga Sabuwa wani abokinsa ya aiko. Ta ɗanɗana, ta tofar, ta yi shirunta.

"Sabuwa ta matso kusa ke nan," ta ce. "Wagga kalwar bayan gidanka ce, an haɗa ta bara da ta bana. Kuma mai dahuwar ta bar wuta ta mutu ta tafi gulma, ta dawo ta hura."

Matar Kawu tana tsaye a wurin. Ta ce, "Wallahi barka na je, ba gulma ba!" Aka kwashe da dariya, Kawu ya fi kowa.

Tsohuwar nan ta Damari da na ce ta zo ranar rasuwa, ga yadda suka san juna. Shekarun baya, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ta kawo daudawarta ta farko kasuwa, Alhaji ya ce sai Iya ta gani. Mutane sun kewaye. Ina tsaye na ga fuskar Iya lokacin da abin ya sauka a harshenta. Na san ba ta ciwuwa. In ta faɗa, matar nan ta gama sana'a a kasuwar nan. Ƙarya kuwa Iya ba ta yi da bakin nan. Sai ta ce, "Alhaji, wagga ba taka ba ce, ni nake so. Ɗiyata, ɗauko mu je gida." Ta musanya mata da dawa, ta zaunar da ita kwana uku tana nuna mata inda ta ɓata. Mu kuma muka sha baƙar miya wata biyu, don Iya ba ta zubar da abinci. Mijina ya ce, "Iya, ladan naki ne, azabar tamu." Ta ce ya ci ya yi shiru, a lahira a raba.

Kada wani ya ɗauka zamanmu da ita zuma ne. Ni ba ni da sanyin baki, ita ma ba ta da shi. Na haura arba'in aka buɗe ajin manya na mata a firamaren ƙauyenmu, na shiga. Ranar da na fara haɗa baƙi na karanta abin da ke jikin buhun taki, na ji kamar an cire mini tsumma daga ido, sai na ɗauka duk wanda bai shiga aji ba a rufe yake. Na sayi littafi na ce zan rubuta aikin Iya kaf, kada ya ɓata. Na rubuta mudu nawa, kanwa nawa, kwana nawa a kwando. Kwana uku, haka na gani sau biyar, haka na rubuta.

Wata bazara mai zafi, ni ke da aikin. Kwana biyu da rufewa, Iya ta wuce ta bakin ɗakin, ko tsayawa ba ta yi ba, ta ce, "Buɗe ta, ta yi."

Na ce, "Saura kwana ɗaya."

"In ji wa?"

"In ji littafi. Ke kika faɗa, ni na rubuta."

"Littafin yana da hanci?"

Nan na faɗi maganar da har gobe take ci na. Na ce, "Iya, zamanin shinshine-shinshine ya wuce. Abin da ya hana mu ci gaba ke nan." A gaban ɗanta na faɗa. Washegari na buɗe kwando, warin ya kori kaji. Ta zarce, ta yi yauƙi, ta narke. Iya ta sa aka kirɓa ta haka nan, aka shanya, ta ware ta gefe ta ce ta matar gida ce. Kowa a ci miya da mai kyau, ni a yi mini tawa daban. In na yi loma na tsaya, sai ta ce wa ƙanwar mijina, "Ƙara wa Malama miya, littafi ya ce ta yi." Daga nan sunan Malama ya bi ni. Ƙanwar mijina, autar Iya, wadda yarana ke ce wa Gwaggo, ita ta fi kowa jin daɗinsa, don dama tsakanina da ita ba a rasa tsokana.

Ban ba ta haƙuri da baki ba, ban iya ba. Na dai fara tashi in zauna kusa da kujerarta da safe, cikina wayam. Ita ma ba ta ce ta yafe ba. Wata rana kawai ta gutsura biyu, ta miƙo mini ɗaya ba tare da ta dube ni ba.

Sai mutanen daji suka zo mana. Ba zan ba su wuri mai yawa a takardar Iya ba. Da rana tsaka suka tarar da mijina a gona yana huɗa, a nan aka ɗauko gawarsa. Bayan kwana kaɗan muka fito da abin da kai zai iya ɗauka. Iya ta bar gadonta, ta bar akwatinta, ta ɗauko kujerar nan 'yar tsugunno. A kan hanya ba ta yi kuka ba, har Ƙanƙara.

A nan mata suka ci gaba da kawo mata ɗanɗani, har da na gari. Ta ci gaba da zama da safe. Wata maƙwabciyarmu da ta ba mu tabarma da tukunya ranar da muka sauka, za ta aurar da ɗiyarta, ta kawo daudawar da za ta sa a gara. Iya ta juya, ta karya, ta ɗora a harshe, ta yi shiru, ta ce, "Ta gara." Ni ma an miƙo mini guntu. Na ji wani ɗan tsami can ƙasa, amma wace ce ni? Na haɗiye maganata.

Wata biyu ba a cika ba dangin ango suka dawo da tukunyar, tsutsa na motsi a ciki, da saƙon cewa in ba a da shi ai sai a ce babu. Maƙwabciyar ba ta zo ta yi faɗa ba. Ta daina gaishe mu kawai. Tunda nake ban taɓa jin Iya ta ce ta gara abin ya lalace ba.

Washegari da hantsi, yara sun fita, na same ta ita kaɗai. Na ce, "Iya, mi ya faru da daudawar nan?"

Ta ce, "Rufe ƙofa."

Na rufe.

"Ɗebo gishiri." Na ɗebo. Ta lasa da yawa, irin wanda zai sa mutum ya yamutsa fuska. Fuskarta ba ta motsa ba. "Ƙasa," ta ce. "Tun ranar da aka shigo da yaron nan a kan ƙyaure, komai ƙasa ne. Tuwo ƙasa, zuma ƙasa. Hancin ma ya tafi. Kunne da yatsa nake ta lallaɓawa da su, ga shi sun kunyata ni."

Na ce to ta faɗa wa mutane ta huta.

"In faɗa, Alhaji ya daina karɓar ta matanmu da daraja? Don ni yake ɗaukarta ba ciniki. Mun bar gona, mun bar gida. Bakin nan kaɗai muka fito da shi." Ta kama hannuna, ita da ba ta taɓa kama ni ba. "Kin ji wani abu ran nan. Na ga wuyanki. Mi kika ji?"

Na ce tsami, kaɗan, can ƙasa.

"Shegiya, kika yi shiru?"

Daga ran nan muka koma aiki mu biyu, ba wanda ya sani. Matan ƙauyenmu da na Ƙanƙara, ga shi na faɗa muku yau, ku yafe mata, in da laifi ku ɗora mini rabi. In an kawo, sai ta ce koya mini take yi. Ta gutsura biyu, mu sa a baki tare, ta rufe ido kamar da. Sai ta ce, "To Malama, bari mu ji ko kin fara hankali. Mi kika ji?" In faɗa. Ta ce, "A ina ya tsaya, gaba ko ciki? Ɗacin na kanwa ne ko na hayaƙi? Da kika tofar, ya tafi ko yana nan? Har yanzu? Har yanzu?" Wani lokaci ta harare ni ta ce ban san komai ba, don mata su yi dariya. Sannan ta yanke hukunci, kuma ba ta sake kuskure ba. Amma a lura da kyau: ni ina faɗin abin da na ji ne kawai. Abin da jin yake nufi, wata nawa zai kai, ita ke sani. Ban taɓa yanke ko ɗaya ni kaɗai ba.

Bana da ɗorawa ta fara nuna, kalwa ta yi tsadar da ba ma iya taɓawa. Gwaggon yara ta ce itatuwan ubanta na can tsaye a ƙauye suna zubar wa birai, ita za ta je. Iya ta hana, ta ƙi. Ta tara mata biyar masu ƙarfin hali, suka riƙa tafiya da sassafe da gora da buhu, su dawo kafin la'asar. Rana ta huɗu suka ji harbi kusa, suka zubar da takalma suka yi ta gudu cikin ƙaya da buhuna a ka. Ba wadda ta yar da nata. Ni na cire wa Gwaggo ƙaya a ƙafa, tana zagina ina zaginta, muna kuka. Abin da ban kula ba a lokacin, ɗorawar da suka kakkaɓo ba ta gama bushewa a uwa ba. A ƙauye Iya ba ta bari a taɓa sai an girgiza reshe an ji tana kacau-kacau. Wa zai tsaya jiran kacau-kacau da bindiga a bayansa? Iya ta riga ta fara ciwo, ba ta fito ta taɓa kalwar ba. Muka yi aikin, muka shanya, muka zuba a tukwane bakwai, kowa da tata. Ƙamshinta kuwa, har maƙwabta suna leƙowa.

A kwanakin ciwon na kai mata guntu har shimfiɗa, na ce mu yi irin namu, ko da raɗa. Ta dube ni ba ta gane ni ba. Ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni, ta ce in kore awaki daga shanya.

Washegarin sadakar bakwai matan suka taru a ɗakinmu. Gwaggo ta ce, "To Malama, ke kika fi zama kusa da ita. Ko kin tsinci wani abu, ko duk a littafi ya ƙare?"

Ban karya kumallo ba dama, don na san za a zo nan. Na ɗauko daga tukunyar farko, na karya a kunne. Ba ta yi ƙas sosai ba. Na sa a harshe. Daɗi, wallahi daɗi, laushi da maiƙo, ba faɗa ko kaɗan. Na tofar, na kurkure, na jira. Na jira wutsiya. Babu. Kamar an hura fitila. Na bi tukwanen nan ɗaya bayan ɗaya ina roƙon Allah ko ɗaya ta tsaya mini a wuya. Ba mai tambayata a ina ya tsaya. Ba mai ce mini har yanzu.

Na ce, "Ta miya ce. Duka. Mu kai wa Alhaji gobe."

Sai Gwaggo ta miƙe, ta ɗaga ƙafarta ta nuna mini tafin, tabon ƙaya bai gama warkewa ba.

"Dubi nan. Don miyar kwana ashirin na yi wannan? Kin taɓa jin daudawa mai daɗin wagga?"

Na ce daɗin ne matsalar.

"Ji mini mata! Ke da aure ya kawo ki gidanmu, yau ke ce Iya?"

Raina ya ɓaci, na fasa abin da na yi niyyar rufewa har kabarina. Na ce shekara guda ke nan Iya ba ta jin ɗanɗanon komai, da bakina take aiki. Gwaggo ta dube ni kamar na zagi Allah.

"Kwana takwas da rufe ta, kike mata ƙarya? Don ba ta iya tashi ta ƙaryata ki?"

Sauran matan ba su zage ni ba. Wata ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri Malama, in mun sayar yanzu, mi za mu ci da marka?" Kowa ta ɗauki tukunyarta, ta liƙe bakin da toka da yumɓu, aka mayar ƙurya.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma sai na rubuta shi. Ni ma ban sayar da tawa ba. Na kai ta har zaure, na tsaya. Na ce in fa bakina ne ya ɗaci da kuka? In fa Gwaggo ce da gaskiya? Wadda ta yi shekara sittin tana yi ma ta taɓa kuskure, bare ni. Na dawo da ita, na liƙe, na jera ta da sauran. Da na sayar, da ko mutum biyu sun bi ni.

Ruwa ya sauka. Ɗakin haya siminti ne da kwano, bango yana gumi, ba hayaƙin murhu irin na ɗakin ƙauye. Kullum in na idar da salla ina roƙon abin da ban taɓa jin wani ya roƙa ba: Allah ka sa ban iya ba. Allah ka sa abin Iya ya bi ta kabari, ni ƙarya bakina ya yi.

Ranar arba'in aka ce a yi tuwon sadaka. Gwaggo ta ce miyar uwarta ba za a yi ta da daudawar kasuwa ba, za ta fasa tata ta ɗiba kaɗan. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ta fasa yumɓun. Ban ji komai ba bayan nan. Sai na ji ta fasa na biyu. Sai na uku. Har bakwai, ina ƙirgawa da kunne, rariya a hannuna.

Ta fito da tukunya ɗaya a rungume, ta ajiye a gabana, ta zauna a ƙasa. Fari fat a sama kamar an barbaɗa gari, ƙasan kuma yana motsi. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana duban tukunyar, sannan ta dube ni.

"Kin iya, matar yaya," ta ce. "Wallahi kin iya. To mi za mu ba yara?"

Marka ba ta ma zo ba tukuna.

Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ba ta ci haƙƙin kowa da bakinta ba sai sau ɗaya, shi ma ka san abin da ya kashe bakin. Ka yafe mata, ka sanyaya mata makwanci, ka haɗa ta da ɗanta. Mu kuma da ta bari, ka dube mu, tsakanin damina da kaka akwai nisa.